Filin da Babur Bai Samu Ba a Ƙasar Gobir

Matafiyin da ya bar birnin Sakkwato ya yi gabas, idan ya wuce Acida ya iso mararrabar Marnona, hanya takan rabu masa biyu. Ɗaya ta yanka dajin Gundumi ta miƙe zuwa Isa, ɗayar kuwa ta bi ta Goronyo tana rakiyar gulbin Rima har Sabon Birni. A da direba da yawan man da ke tankinsa ne ke yanke shawarar wadda za a bi. Yanzu labarin da aka kwana da shi a tasha ne ke yankewa. Ko wacce aka ɗauka, akwai abin da ido ba zai kasa lura da shi ba: gwargwadon nisan da aka yi da birni, gwargwadon raguwar motoci da yawaitar babura. Daga Goronyo zuwa gaba, babur ne ke ɗaukar buhun albasa, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai malamin makaranta ƙauyen da aka tura shi, shi ke kai ɗan kasuwa Shinkafi ranar Alhamis. Shi ne kuma abin hawan mutanen da suka hana yankin barci. Wannan ya sa hukuma ta daina kallonsa sai da idon tuhuma. Abin da nake so in kafa wa hujja shi ne, ƙasar Gobir tana da dubban mahaya babur da masoyansa, amma ba ta da wani tsari da ke tafiyar da sha'aninsa face hani, kuma wannan giɓi yana cikin abubuwan da ke cutar da ita. Zan ɗauko shaida daga nesa, daga gasar duniya ta tseren babura marasa birki, domin rigimar da magoya bayanta suka daɗe suna yi da shugabanninta tana da abin da za ta gaya wa Sabon Birni da Isa.

Sai an sauka daga kwalta ake sanin matsayin babur a nan. Ƙauyukan da ke kewaye da Gatawa, Tsamaye, Unguwar Lalle da Kurawa a ƙasar Sabon Birni, da na kewayen Bafarawa, Turba da Tozai a ƙasar Isa, mafi yawansu burtali da hanyar rairayi ne ke haɗa su da duniya. Da damina fadama takan cika, mota ta tsaya a bakin kwalta, sai mai ƙafa biyu ya ƙarasa. Da rani kuwa rairayin kan yi zurfin da baƙon mahayi ba ya iya tafiyar zira'i ashirin bai faɗi ba. A wannan makaranta yaran yankin suka koyi tuƙi, kuma sun ƙware. Wanda ya taɓa kallon yadda ɗan kabu-kabu ke shiga kwana a cikin rairayi, ya sauke ƙafa guda ƙasa, ya bar tayar baya ta zame, ya ƙara wuta maimakon ya taka birki, to ya riga ya ga ginshiƙin fasahar da Turawa ke biyan kuɗi su cika fili don kallonta. Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya shi ya mamaye hanya, saboda juriyarsa da arhar kayan gyaransa, kuma a kowace kasuwa akwai rumfar bakaniken da zai kwance injinsa ya mayar kafin la'asar. A teburin mai shayi kuwa, musun wane ya fi wane iya hawa, da wane inji ya fi wane tashi, musu ne da ba ya ƙarewa. Mahaya suna nan, makanikai suna nan, 'yan kallo masu ra'ayi suna nan. Fili da alƙali da doka ne babu.

Ba haka Gobirawa suka yi da doki ba, kuma wannan ne ya sa lamarin yake damuna. Kufan Alƙalawa yana nan ba nisa da Sabon Birni, birnin da Babari ya kafa a ƙarni na 18, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa, wanda ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808 aka kashe Yunfa a ciki. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu Gobirawa suka kafa Tsibiri, wadda yau ke cikin jihar Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya rabu da su ya kafa Sabon Birni. Duk wannan tarihi a bayan doki aka yi shi. Doki makamin yaƙi ne, da shi ake kai hari, da shi ake kore dabbobi da kama mutane, kuma mai kare gari da mai cin gari duk shi suke hawa. Amma ba mu ji wani sarki da ya ce maganin mahara shi ne a hana talakawansa doki ba. Abin da aka yi shi ne aka kewaye shi da sarauta da al'ada. Aka yi Madawaki da Ubandawaki da Shamaki, aka san wanda ke da barga da abin da ke cikinta, aka ware ranar hawan salla da filin sukuwa inda saurayi zai nuna bajintarsa a gaban iyayensa, a yi masa kirari idan ya iya, a tsawata masa idan ya wuce gona da iri. Babur ya gaji aikin doki kaf, na alheri da na sharri, amma bai gaji ko ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare ba.

Wasan da nake magana a kansa, wanda ake kira sifidwe, shi ma daga filin doki ya taso. Masu tarihinsa da yawa suna danganta farkonsa da wani taro da aka yi a watan Disamba na 1923 a filin baje kolin amfanin gona na garin Maitland a Ostireliya, inda Johnnie Hoskins ya bar samarin karkara suka zagaya da baburansu a da'irar da aka saba tseren dawaki. Ya isa Ingila a 1928, kuma a 1936 aka yi gasar duniya ta farko a filin Wembli na Landan, Lionel Van Praag na Ostireliya ya lashe. Tsarinsa mai sauƙi ne. Mahaya huɗu ne ke tashi tare, su zagaya da'irar ƙasa mai tsawon mita 300 zuwa 400 sau huɗu, cikin kamar minti guda. Na farko ya sami maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Baburin yana da inji mai silinda guda na cc 500, yana shan wani irin mai da ake kira metanol, giyarsa ɗaya ce, kuma ba shi da birki ko kaɗan, alhali gudunsa yana haura kilomita 100 a sa'a. Hukumar wasannin babura ta duniya, FIM, ita ke riƙe da dokokinsa. A yau ƙasar Polan ce cibiyarsa, inda ƙananan garuruwa ke cika filayensu kowane mako, sai Ingila da Suwidin da Denmak. Ivan Mauger na Niyu Zilan da Tony Rickardsson na Suwidin kowannensu ya ci kambin duniya sau shida, kuma tun 2019 ɗan Polan Bartosz Zmarzlik ne ya fi kowa mamaye shi.

Magoya bayan wannan wasa ba su taɓa rabuwa da ƙorafi ba, kuma ƙorafin nasu yana da tushe. Daga 1936 har 1994 galibi a dare ɗaya ake fitar da zakaran duniya, a fili ɗaya. A 1995 aka koma jerin gasanni a ƙasashe daban-daban ana tara maki, Hans Nielsen na Denmak ya zama zakaran farko na sabon tsarin. Har yau akwai tsofaffin 'yan kallo da ke cewa an kashe armashin wasan, domin a da ko wanda ba a san shi ba yana iya wayar gari zakara, kamar yadda Jerzy Szczakiel ya yi a Polan a 1973. Masu goyon bayan canjin suna cewa kambin duniya bai kamata ya rataya a kan tsinkewar sarƙa ko zamewar taya a dare guda ba. Daga nan rigima ta koma kan kamfanonin da FIM ke bai wa kwangilar shirya gasar, daga BSI zuwa Discovery da ya karɓa a 2022. Ana tambaya wa ya ba su ikon zaɓen wasu mahayan da hannu maimakon a bar kowa ya ci gurbinsa a fili. An yi ta ce-ce-ku-ce a 2020 da aka canza lissafin maki, aka ɗora shi a kan matsayin da mutum ya ƙare maimakon abin da ya tara a kowane zagaye. A watan Afrilu na 2015 an cika babban filin wasa na birnin Warso da mutum fiye da dubu hamsin, sai ƙasar da aka shimfiɗa ta wucin gadi ta ragargaje, na'urar tashi ta ƙi aiki, mahaya suka ƙi ci gaba, aka tsayar da gasar bayan zagaye 12. A 2023 an kori Zmarzlik daga gasar Vojens ta Denmak saboda ya sa rigar tsere da ba ta dace da ƙa'ida ba, alhali shi ke kan gaba a neman kambi, kuma dubban mutane sun ga hukuncin ya fi laifin girma. A 2025 kuma gasar Birtaniya ta bar katafaren filin Kadif, inda aka saba yin ta tun 2001, ta koma wani ƙaramin fili a Manchesta. Wasu suka ce ci baya ne, wasu suka ce gara ƙaramin fili mai ƙasar gaske da babba mai ƙasar aro.

Ba kowane lokaci 'yan kallon ke da gaskiya ba. A ganina masu kewar tsarin dare ɗaya suna fifita daɗin kallo a kan adalci ga mahayin da ya shekara yana sa ransa a haɗari, kuma tsarin tara maki ya fi dacewa. A batun Warso kuwa gaskiya tasu ce ɗari bisa ɗari, domin wanda ya karɓi kuɗin mutum dubu hamsin wajibi ne ya tabbatar da ƙasar da za a taka. Amma ba rabon gaskiya tsakaninsu ne ya fi jan hankalina ba. Abin lura shi ne kowane ƙorafi yana da ƙofar da ake kai shi. An san wanda ya rubuta doka, an san wanda ya shimfiɗa fili, an san alƙalin da ya yanke hukunci, kuma dukansu sun san cewa ranar da mutane suka daina sayen tikiti, ranar kujerarsu ta fara girgiza. Mahaya suna iya haɗa kai su ce ba za su hau ba, kuma a saurare su. Wasan da babur ɗinsa ba shi da birki ya rayu shekara ɗari ne saboda akwai masu taka wa shugabanninsa birki. Da wannan ma'auni ya kamata a auna yadda ake tafiyar da babur a gabashin Sakkwato.

A farkon watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta fitar da dokar taƙaita zirga-zirga saboda matsalar tsaro. Aka rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka ce matafiya su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni. Aka hana hawan babur da dare a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, aka hana goyon mutum uku, aka hana sayar da tsofaffin babura a wasu kasuwanni, aka hana sayar da mai a jarka, aka dakatar da cinikin dabbobi. Kafin watan ya ƙare aka katse layukan waya. Ba Sakkwato ce ta fara ba. Kano ta hana acaɓa a watan Janairu na 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, Nijar ta hana babura a Diffa da Tillaberi, kuma a watan Yuli na 2022 gwamnatin tarayya ta bayyana cewa tana duba yiwuwar hana su a ƙasa baki ɗaya. To me ya biyo baya a ƙasar Gobir? A watan Oktoba na 2021 aka far wa kasuwar Goronyo aka kashe mutum fiye da arba'in. A watan Disamba aka tare motar fasinja a kusa da Gidan Bawa aka ƙone ta da mutane a ciki. Kusan shekara uku bayan haka, a watan Yuli na 2024, aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, aka kashe shi a watan Agusta. Allah ya jiƙansu. Ɗan bindigar da ke cikin daji bai ajiye babur ɗinsa ba, domin shi da ma ba ya tsayawa a shingen bincike. Wanda ya ajiye nasa shi ne manomi da ɗan kabu-kabu da ma'aikacin lafiya.

Dole a yi wa hukuma adalci. Gwamnan da aka kashe masa mutum fiye da saba'in a rana guda, kamar yadda ya faru a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayu na 2020, ba zai naɗe hannu ba, kuma gaskiya ne cewa ayarin ɗan bindiga Bello Turji da ire-irensa ba su da ƙarfi idan babu babur da mai. Gaskiya ne kuma farmakin da sojoji suka kai a Zamfara a lokacin da aka kafa dokar ya turo mahara zuwa wannan ɓangare, don haka ba za a ɗora wa dokar alhakin duk abin da ya faru ba. Mai wannan ra'ayi zai ƙara da cewa, shirya tsere a irin wannan wuri tamkar buɗe wa mahara makarantar horo ne. Amsata ita ce maharan ba sa buƙatar makarantarmu, dajin Gundumi da iyakar Zamfara sun ishe su. Abin da suke buƙata daga gari shi ne saurayin da ya iya hawa, wanda aka raba shi da sana'arsa, wanda ba wanda ya san sunansa a wani littafi, wanda kuma bai ga wata hanyar da gwanintarsa za ta jawo masa mutunci ba. Hani ba tare da shawara ba irin wannan saurayi yake haifarwa. Ƙungiyar mahaya mai rajista kuwa, wadda ta san kowane memba da lambar injinsa da bakanikensa da mai unguwarsa, ita ce ke iya cewa wannan babur namu ne, wancan baƙo ne. Hukuma da kanta ta yarda babur ba abokin gaba ba ne, tunda shi take raba wa jami'an tsaro da askarawan da ta kafa. Saura ta yarda cewa mahayinsa ma yana iya zama abokin shawara.

Akwai wata adawa da ta fi wannan nauyi a zuciya. Za a ce, mutanen da suka tsallaka iyaka suna gudun hijira a Gidan Rumji da kewayenta, waɗanda ke biyan haraji ga ɗan bindiga kafin su yi noma, su za a yi wa zancen wasa? Wannan magana ba a amsa ta da gaggawa, kuma ba na cewa a share fili gobe a ƙauyen Gangara. Amma a duba maƙwabta. Nijar ta fara gasar kokawar Takobi a Tawa a 1975, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ci ta farko, kuma filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Ƙasar ta sha fari da juyin mulki da hare-hare a iyakokinta, amma ba ta saki wannan gasa ba, domin ta gane cewa taron da ke tara jihohi takwas a fili ɗaya, ana musu a kan hukuncin alƙali a kowace rumfa daga Diffa har Doso, yana cikin abin da ke riƙe da ƙasar. Gobirawan wannan ɓangare na iyaka suna bin ta a rediyo kamar tasu, kuma ra'ayinsu a kan alƙalanta bai gaza na ɗan Polan a kan FIM zafi ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya tsaya kusan shekara goma, da ya dawo a 2020 kowa ya ɗauke shi alamar cewa gari ya fara numfashi. Wurin da ba a taruwa sai don jana'iza, matasansa sukan fara ganin cewa masu bindiga kaɗai ke da labarin da ake bayarwa. Wasa ba ya maye gurbin soja, amma yana cikin abin da sojan ke karewa.

Malamai da iyaye suna da nasu dalilin ƙyamar abin, kuma dalili ne mai kyau. Sun ga ganganci da babur a rakiyar ango, inda yaro ke sakin hannu ko ya ɗaga tayar gaba a tsakiyar kasuwa, a wayi gari ɗaurin aure ya koma zaman makoki. Sun san addini ya hana mutum jefa kansa cikin halaka, sun kuma san caca takan bi tsere a baya. Sai dai abin da suke gani shi ne tseren da ba shi da mai shi. Ba a taɓa hana samari gwada ƙwanjinsu ba, ana dai zaɓar musu inda za su gwada ne, ko kan titin da yara ke tsallakawa ko cikin da'irar da aka killace. Sifidwe ma ya ci rayuka. Lee Richardson na Ingila ya rasu a wani fili a Polan a 2012, Darcy Ward na Ostireliya ya shanye a 2015 yana tsakiyar tashensa. Amma saboda akwai hukumar da ake tuhuma, kowane haɗari yakan bar doka a bayansa: shingen iska mai laushi a kwanoni maimakon katako, hular kwano da rigar kariya ta dole, motar asibiti da likita kafin a ɗaga tuta, da ikon alƙali ya tsayar da tsere nan take. Yaron da ya karye a rakiyar ango ba ya barin komai sai baƙin ciki. Batun caca kuwa, malamin da ke da kujera a kwamitin fili ya fi ƙarfin hana ta fiye da wanda ke wa'azi daga nesa.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Ba wanda ke cewa a shigo da injin cc 500 ko a gina filin zamani a garin da makarantunsa ke rufe, balle tun da cire tallafin mai a 2023 ya ninka tsadar kowace tafiya. Da'irar mita 300 a busasshiyar ƙasa bayan girbi, da tsofaffin tayoyi da buhunan ƙaiƙayi a kwanoni, da Boxer irin wanda kowa ke hawa ba tare da an taɓa injinsa ba, ya isa a fara. Samarin Maitland ba su fi haka ba.

Inda haɗarin gaske yake shi ne wa zai riƙe abin, kuma a nan ne koke-koken 'yan kallon Turai suka fi amfani. Duk abin da suke kuka da shi, zaɓen ɗan lele da hannu, canza doka ba shawara, fifita babban taro a kan ingancin fili, hukuncin da ya fi laifi, yana da ɗan'uwa a siyasarmu. Idan gasa ta zama ta wani ɗan takara, da hotonsa a rigar mahaya, da kyautar babur ga yaran jam'iyya, to za ta mutu ranar da aka faɗi zaɓe, kafin nan kuma ta raba gari biyu. Idan ta zama kwangilar da aka bayar daga Sakkwato ga wanda bai taɓa taka rairayin Tsamaye ba, za a sake ganin abin da ya faru a Warso. Saboda haka nake ganin ƙungiyar mahaya ce ya kamata ta riga fili zuwa. 'Yan kabu-kabu da makanikai da masu sayar da kayan gyara su zaɓi shugabanninsu, fadar Sarkin Gobir a Sabon Birni da ta Isa su zama iyaye kamar yadda suke ga hawan salla, ƙaramar hukuma da 'yan sanda su zauna a tebur a matsayin masu sa ido. A rubuta doka da Hausa, da boko da ajami, a karanta ta a bainar jama'a, kuma kada a canza ta sai a ƙarshen kaka bayan an ji ta bakin kowa.

Daga Sabon Birni zuwa Isa hanya takan yi kudu ta bi gefen fadama, inda ruwan Bunsuru da na Gagare ke gangarowa su zama Rima, daga Isa kuma tafiya kaɗan ce a shiga Shinkafi ta Zamfara. A wannan ɗan tsakani ake ganin gonakin da aka bari, da shingayen bincike, da mahayan da ke sauka su tura babur da hannu idan sun iso gaban jami'i. Waɗannan mutane sun fi kowa sanin wace hanya ce ta rufe, wane burtali ne aka ga baƙin sawu, wace kasuwa ce ake sayen mai fiye da buƙatar garin. A duk lokacin da za a sake rubuta doka a kan babur, kuma za a sake, ya kamata a kira wakilansu kafin a sa hannu, a gaya musu wa'adin dokar, a faɗi ma'aunin da za a gane ko ta yi aiki, a kuma buɗe ƙofar da za su kai kuka idan ta cutar da su. Wannan ba ya jiran zaman lafiya ya dawo, ana iya fara shi a zauren ƙaramar hukumar Isa a wannan shekara. Tseren kansa yana iya jira har hanyar Gundumi ta koma hannun direbobi, kuma idan lokacin ya yi, ƙungiyar da ta riga ta saba zama da hukuma a kan dokar dare da ta jarka ita ce za ta zaɓi fili, ta naɗa alƙali, ta sa ranar tashi.